Haushi a Gidanka, Cizo a Gidan Maƙwabci

Akwai wata al'ada da ta zauna daram a Samaru da Sabon Gari, ba tare da wani ya tsara ta ko ya kafa mata hujja ba. Da rana kare yana ɗaure a bayan gida, ko cikin wani kejin langa-langa da zafi ke gasawa. Da an yi sallar isha'i an ja ƙyaure, sai a kwance shi. In katangar gidan tsayayya ce, ya kwana yana zagaya tsakar gida. In kuwa akwai kafa, ko ƙofar ba ta rufuwa ruf, sai ya sulale. Ya bi layi ya tarar da 'yan'uwansa a bola, su yi kokawa a kan ƙashi, su bi karya, su yayyagi juna, da asuba ya dawo ya kwanta a gindin sarƙarsa kamar bai je ko'ina ba. Maigidan zai iya rantsuwa cewa karensa ba ya yawo, kuma ba ƙarya yake nufi ba. Bai taɓa ganinsa a waje ba, domin a lokacin barci yake yi.

Waɗannan su ne karnukan da in an tashi maganarsu ake kira karnukan bola, marasa ubangida. Binciken da aka yi a garuruwan Afirka daban-daban ya yi ta nuna abu guda: mafi yawan karnukan da ke gararamba a titi suna da gidan da suke komawa, suna da suna, akwai kuma wanda suke kaɗa wa wutsiya. Karen da ba shi da kowa bai cika daɗewa a duniya ba, bola kaɗai ba ta riƙe shi. Saboda haka in ka ci karo da garkensu da tsakar dare tsakanin Hayin Dogo da Danraka, ko a lungunan Muchia da Chikaji, kusan kowannensu dukiyar wani ne. Masu su suna nan daram. Sun karɓi amfanin, sun bar wa unguwa ɗawainiyar.

Abin da nake son tsayarwa a nan shi ne, kiwon kare yana cikin babin haƙƙin maƙwabtaka tun kafin ya shiga babin sha'awa ko tausayin dabba. Akuyarka in ta ci dawar wani, mai unguwa zai ƙiyasta ɓarna a biya a rabu. Karenka in ya ciji ɗan wani, mai yiwuwa abin da ya sa masa a jiki ya wuce ƙiyasi.

Garuruwan nan biyu garuruwan baƙi ne tun asali. Sabon Gari ta tsiro ne a gefen layin dogo, 'yan shekaru kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da arewa. Samaru kuma ta girma a gindin tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962 ta kawo mutane daga ko'ina. Kowa ya zo da irin tasa fahimtar kare. Mafaraucin ƙauye ya san karensa ciki da waje, don tare suke kwana a daji. Makiyayi haka. Wasu iyalai a Sabon Gari sun tashi da kare a tsakar gida, yara na wasa da shi, ko da yake sabo ba allura ba ne. Wanda ya fi yawa a yau kuwa, kuma shi ne abin maganata, shi ne ma'aikaci ko ɗan kasuwar da bai taso da kare ba, ba ya kuma son kare, amma sata da fargabar dare suka tilasta masa nemo shi. Wani ya karɓo kwikwiyon gida a wajen abokin aiki. Wani ya zuba kuɗi masu yawa ya sayo karen 'yan sanda ko Rottweiler, ya ɗauka tsadar ce za ta yi gadin.

Irin wannan mutumin yana kiwon karensa ne cikin kunya. Yana buƙatarsa, amma ba ya son a gan shi yana taɓa shi. Sai ya miƙa sha'aninsa ga maigadi ko wani yaron gida, wanda shi ma daga nesa yake wurga masa ragowar tuwo. Ba mai duba jikinsa, ba mai lura ya rame ko ya sauya hali, balle a ja shi a bi ta kasuwar Samaru da rana tsaka a kai shi wajen likita. A ganina wannan kunyar ta fi talauci da jahilci hannu a cikin matsalar, domin a gidajen masu ilimi da albashi ake samun ta.

Kunyar kan fake da addini, don haka ya kamata a duba mafakar. A mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar nan ta daɗe a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai, malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin bin umarni tsantsa, ba don ƙazanta ba. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ga akasin haka, kuma masu karatu da yawa a nan a kan wannan fahimtar suke. Hadisai sun yi izinin ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, sun kuma yi gargaɗin tauyewar lada ga wanda ya ajiye shi ba dalili. Game da gadin gida malamai sun saɓa, da yawa sun halatta ta hanyar ƙiyasi. Masu sharhi kan ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar nan da ake karantawa a zaurukan Zazzau tun kaka da kakanni, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Da aka tuna masa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki ma zai ajiye.

Ba fatawa nake bayarwa ba, ba fagena ba ne. Amma kowace fahimta mutum ya bi, hanya biyu ce a gabansa. In ya gamsu bai halatta ba, kada ya ajiye. In ya gamsu ya halatta, to ci da sha da inuwa da maganin dabbar sun hau kansa, kamar yadda na rago suka hau kan mai rago. Hanya ta ukun da muka ƙirƙiro, a ajiye don tsoro a yi watsi don kunya, ba ta da malami. Duk wanda ya san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sakewa, bai kamata ya iya barci da kare ɗaure a rana cikin watan Afrilu ba ruwa a gabansa ba.

To, me ya sa abin ya wuce tsakanin mutum da dabbarsa? Ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka ta hanyar kare suke kamuwa, kuma kimanin huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar a cikin yawu take. In ta shiga rauni ba ta bin jini, sai ta kama jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa ta riƙa hawa a hankali. Shi ya sa galibi akan yi wata biyu ko uku ba a ga komai ba, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Raunin ya warke, an manta da zancen. Shi ya sa kuma cizon fuska da wuya da hannu ya fi hatsari, tafiyar ta gajarta. Ka tuna fuskar ɗan shekara huɗu daidai bakin kare take. Ranar da alamu suka bayyana, zazzaɓi, firgita, maƙogwaro ya riƙa shaƙewa da an kawo ruwa duk da ƙishirwa, to kusan ba a tashi. Ba a Shika ba, ba a Landan ba.

Abin takaicin shi ne tsufan maganin. A watan Yulin 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara, Joseph Meister, allurar farko a Faris bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. Shekara ɗari da arba'in ke nan. Mu kuma a nan ba mu da uzurin nisa. Tsangayar Likitancin Dabbobi ta jami'ar da asibitinta na koyarwa suna cikin Samaru, tafiyar 'yan mintuna a Keke Napep daga yawancin unguwannin da na ambata. Ba garuruwa da yawa a Arewa ke da likitocin dabbobi a bakin ƙofa irin haka ba.

Wa ke shan cizon? Ba safai ɓarawon da aka ajiye karen dominsa ba, shi da shirinsa yake zuwa. Almajiri ne da ya tura ƙofa da magariba yana neman ragowa. Yarinya ce mai tallan gyaɗa. Ɗan garuwa ne, da dattijon da ya fito sallar asuba, da ma'aikaciyar jinya da ta taso daga aikin dare. Mafi yawansu ba su da kuɗin allura, wasu ba su da ma wanda za su gaya wa. Almajirin da kare ya yakusa a ƙafa zai wanke a famfon masallaci ya yi shiru, don kada a ce me ya kai shi.

Akwai adadi guda da ya kamata kowane mai unguwa ya haddace: 70 cikin 100. In aka yi wa wannan kason na karnukan wani yanki rigakafi, aka kuma riƙa maimaitawa, cutar takan rasa hanyar wucewa ta mutu da kanta. Dalili kuwa, ba ta da saurin yaɗuwa kamar yadda tsoronta ke sa a zata. Binciken da aka daɗe ana yi a ƙauyukan da ke kewaye da Serengeti a Tanzaniya ya nuna kare mai cutar, a matsakaici, da kyar yake harbar fiye da kare ɗaya kafin ya mutu, alhali mai ƙyanda ɗaya na iya harbar sama da mutum goma. An gwada a kusa da mu. A Njamena an yi wa karnukan birnin rigakafin gama-gari a 2012 da 2013, aka kai wannan kason, cutar ta ɗauke tsawon watanni, ba ta dawo ba sai ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga waje. Meksiko ta jure shekara da shekaru a kan wannan aiki, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ta kawar da haukan da ke zuwa wa mutane daga kare. Lura da cewa kason nan ba na gida ɗaya ba ne. Wanda ya yi wa nasa allura ya tsare nasa, amma ɗansa da ke tafiya makaranta bai tsira ba sai layin gaba ɗaya ya yi. Wanda ba shi da kare ma yana da haƙƙin tambaya.

Na san abin da wasu za su ce: a zuba guba a bola a huta. An gwada wannan a ƙasashe da yawa bai yi ba. Gubar ba ta tambayar wanda ke da allura, takan kashe kaji da kyanwoyi, wani lokaci ta kai hannun yaro. Wanda aka kashe wa kare kuwa, cikin mako guda zai karɓo sabon kwikwiyo marar rigakafi. An rage masu garkuwa, an ƙara marasa ita.

Sai batun hali, inda kuskurenmu ya fi zurfi. Mutane da yawa sun ɗauka kare ba ya gadi sai an mayar da shi mugu. A ɗaure shi yini, a hana kowa kusantarsa, a bar shi da yunwa, har ana jin masu zuba masa barkono a abinci. Abin da ake samu a ƙarshe matsoraci ne. Dabbar da ta firgita gudu take fara nema, in sarƙa ta hana ta sai ta koma ga haƙori. Irin wannan karen ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maƙwabci, kuma haushinsa ba ya tayar da kowa, tunda a kan akuya da babur da iska duk yi yake. Amfanin kare a gida sanarwa ce, kuma sanarwa sai da rarrabewa. Karen da ya san mutanen gida da na layi tun yana ƙarami, musamman a watanni ukun farko na rayuwarsa lokacin da yake koyon abin tsoro da wanda ba na tsoro ba, shi ne in ya yi haushi ƙarfe biyun dare za ka tashi zaune.

Kare kuma ba kasafai yake cizo ba sanarwa ba. Yakan kau da kai, ya lashi baki, ya yi hamma ba barci ba, jikinsa ya sandare, kunnuwa su kwanta, sannan ya yi gurnani. Gurnanin nan roƙo ne a ja da baya. In kana dukansa duk lokacin da ya yi, ka koya masa ya daina gargaɗi, ba ka cire masa tsoron ba. Kaɗa wutsiya ma ba kullum maraba ba ce: wadda ta miƙe sama ƙyam tana rawa kaɗan-kaɗan a jiki sandararre, shiri ne. Yara su san kada su kusanci kare yana ci ko yana barci, ko karya mai jego. In baƙon kare ya nufo su kada su ruga kada su yi ihu, gudu ne ke tayar masa da farauta. Su tsaya cik, hannu a ƙirji, ido a gefe. In ya kayar da su, su dunƙule su rufe fuska da wuya. Mu manya kuma mu daina kallon jifan kare a matsayin wasan yara. Wanda yara goma suka jefa, a kan na sha ɗayan da bai ɗauki dutse ba yake hucewa.

Sauran kiwon ba shi da wuyar faɗa. Allurar hauka tun yana wata uku, a maimaita duk shekara, a adana katin. Akwai wasu allurai da ake farawa tun yana mako shida zuwa takwas, waɗanda ke tare cutar amai da gudawar jini da ke kwashe 'yan kwikwiyo. Maganin tsutsar ciki a kai a kai, domin ƙwan tsutsar na zama a ƙasar da yara ke wasa. Da damina kaska ke yawa, kuma ba a cire ta da fiya-fiya ko baƙin mai, waɗannan guba ne gare shi. Maganin ciwon jikin da ke kan durowarka na iya lalata masa ƙoda ko hanta. Albasa mai yawa a ragowar miya tana ɓata masa jini, dafaffen ƙashin kaza na tsagewa a hanji. Wanda ba ya son 'ya'ya ya kai a yi wa dabbarsa aikin hana haihuwa, maimakon zubar da kwali cike da kwikwiyo a bakin Kubanni.

Abin da nake ba da shawara bai buƙatar sabuwar doka. Unguwanni da yawa a Samaru da Sabon Gari sun riga sun saba tara kuɗin 'yan sintiri duk wata. Littafin da ake rubuta wanda ya biya, a ƙara masa layi guda: gidan nan akwai kare, nawa ne, yaushe aka yi masa allura. Mai unguwa ya tsayar da Asabar ɗaya a shekara, kusa da 28 ga Satumba, Ranar Yaƙi da Haukan Kare ta Duniya, a nemi likitoci da ɗaliban jami'ar. Amma a bi gida-gida. In aka ce kowa ya kawo nasa filin makaranta, waɗanda dama suke kula ne za su zo, mai kunya ba zai fito ba, karen da ba a taɓa shafawa ba kuma ba mai iya jansa. A nan ne rashin sabo ke zama matsalar lafiya: dabbar da maigidanta ba ya iya riƙewa, likita ba ya iya yi mata allura. Masu gidajen haya su sa sharaɗin kati da katanga a yarjejeniya. Allurar kare guda ba ta kai ko kusa da kuɗin jerin alluran mutum ɗaya da aka ciza ba.

In kuwa an riga an yi cizon, ko yakushin da ya fasa fata, aikin farko na gida ne: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15 cur, a duba agogo, sannan a sa aidin in akwai. Ba toka, ba barkono, ba ƙonannen gashin karen. A tafi asibiti a ranar. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami: a je kemis a yi allurar tetanus a koma gida da natsuwa. Wannan dabam, ta haukan kare dabam. Ta hauka jeri ce, ana farawa ranar farko, a koma rana ta uku da ta bakwai, da abin da likita ya tsara bayan nan, kuma ba a yanke ta don rauni ya bushe. In cizon ya yi zurfi, ko a fuska ko hannu yake, akwai wata allurar garkuwa da ake yi a cikin raunin kansa, a tambaye ta.

Shi kuma karen, fushi kan sa a taru a kashe shi a jefa a kwata, a jefar da shaida ke nan. In ana iya tsare shi ba tare da wani ya sake shiga hatsari ba, a tsare shi kwana 10 ƙarƙashin idon likitan dabbobi. In ya cika su lafiya lau, ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Sai dai ba a jiran kwanakin kafin a fara wa mutum allura. In ya mutu ko dole ta sa an kashe shi, kada a fasa kan, kada a taɓa da hannu tsirara, a kira likita, domin a ƙwaƙwalwa ake gwajin, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom ta daɗe tana yin sa. A kuma sani ba kowane mahaukacin kare ke hauka ba. Wani shiru yake yi, haɓa ta saki, yawu na dalala, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, sai mai tausayi ya zura hannu zai ciro.

Kuɗin alluran wanda aka ciza a kan mai karen yake, ko ɗan gidan wane ne, ko almajiri ne da ba a san garinsu ba. Wannan ma a rubuta shi a littafin mai unguwa tun yanzu, lokacin da ba a san karen wa zai fara ba.